Jan Layi a Agogon Babur

Da kuɗin audugar shekarar nan maigidana, Malam, ya sayi babur a Funtua, wurin wani Bayarabe haifaffen garin, mai Hausa kamar tamu. Ɗan ƙarami ne shuɗi, mai farar garkuwa a gaban ƙafa. Ba shi da kuloci, giya uku ce sai dai a taka, tankinsa kuma a ƙarƙashin sirdi yake. Mai kaɗan yake sha, mace ma za ta iya ɗaga bayansa. Bayaraben ya ce ƙirar Japan ne, wai masu yin sa da ɗaura wa kekuna inji suka fara. Malam ya haddace wannan labari, duk wanda ya zo ganin babur sai ya sha shi.

Abin da ya cuce ni shi ne jan layi. Bayaraben ya ja shi da fenti a kan agogon gudu, ya ce sabon inji sai an lallaɓa shi: kada allura ta wuce nan sai ya saba, kuma a riƙa tsayawa ya huce, don iska ce ke sanyaya shi. Malam kuwa in an ce masa kada, to an gama. Ko ledar sirdi ya hana a cire.

Ana cikin haka, da hantsi wani direba ya kawo saƙo daga Dandume: Inna, mahaifiyata, na jin jiki, tana ta kiran sunana. Motar can ta riga ta tashi. Na yafa mayafi na ce, "Malam, don Allah mu tafi yanzu."

Muka hau. Wayyo, tafiya! Ledar nan tana ta zamar da ni, ina gyara zama, ina leƙen agogo ta kan kafaɗarsa. Allura na taɓa layi sai ya sassauta. Wani mai keke ya wuce mu a gangare, har da gaisuwa.

"Malam, ƙara masa wuta mana!"

"Yi haƙuri, injin bai saba ba."

"Ni ce na saba da rashin uwa?"

Da muka yi nisa ya tsaya gindin wata ɗorawa ya kashe, wai ya huce. Na kasa zama, na kasa tsayawa. Na kama hanya da ƙafa ina kuka, har ya tayar ya same ni. Ba mugu ba ne, wallahi, shi ma idonsa ya yi ja. Tsoro ne kawai na mutumin da bai taɓa mallakar abu sabo ba. Amma a ranar na ji haushinsa har cikin raina.

Bayan azahar muka shiga gari. A bakin unguwarmu muka haɗu da maza suna dawowa, ƙafafunsu duk jar ƙasa, biyu na ɗauke da makara babu kowa a ciki. Kawuna ya gan ni ya sunkuyar da kai.

Malam ya kashe babur. Na sauka, ledar ta manne wa zanena, na fizge ta har ta yage. Ya dubi sirdin, ya dube ni.

Da za mu koma Funtua bayan sadakar uku, ina gani allura ta haye layin ya bar ta. Na ce masa ya sassauta, ba inda nake sauri.