Baƙar Ledar Gidan Holroyd

Glenys Holroyd shekarunta sittin da tara. Mijinta ya rasu, ita kuma ta yi ritaya daga kicin ɗin makarantar firamare. Tana zaune a layin Cobden, bayan tsohuwar masaƙar auduga. Shekara ashirin ke nan tana saukar samarin da ƙungiyar ƙwallon garinmu ke ɗaukowa daga nesa don koyon wasa. Ɗaki biyu ne a sama, abinci safe da yamma, kuma ba a hawa mata bene da takalmi. Amma ba ta taɓa zuwa filin wasa ba. In aka sa ƙwallo a talabijin, tashi take yi ta koma kicin.

Dalilin yana cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin matakala. Baƙar ledar shara ce, an ɗaure bakinta.

Ɗanta ɗaya, Darren. Yana da shekara goma sha bakwai babu kamarsa a tsakiyar fili duk kwarin nan. Wata Lahadi Roy Cundall, mai nemo wa babbar ƙungiyar birni 'yan wasa, ya zo gidan. Ya ci gasasshen naman shanu da dankali, ya nemi ƙarin romo, sannan ya ce, "Misis Holroyd, wurinmu ba ƙungiya ba ce, gida ne. Ki ba mu yaro, mu dawo miki da cikakken namiji."

Ta ba su. Shekara uku Darren bai buga wasa ko ɗaya da rigarsu ba. Daga benci sai aro ga ƙananan ƙungiyoyi, daga aro sai benci, har gwiwarsa ta lalace a wani ƙaramin fili da ƙanƙara ta daskarar. Ranar sallama Cundall bai zo ba. Wani ne ya kira Darren ofis, ya yi masa godiya, ya miƙa masa baƙar leda ya kwashe kayansa, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka gama da shi. Da ita a kan cinya ya dawo a jirgin ƙasa. Ya jefa ta ƙarƙashin matakala, bai sake taɓa ta ba. Ubansa Stan ya yi ta neman Cundall a waya, har ya rasu ba a kira shi ba. Yanzu Darren shimfiɗa kafet yake yi a gidajen mutane, da tsumma ɗaure a gwiwa.

"Tunda ba zan iya hana a ɗebo 'ya'yan mutane ba," in ji Glenys, "gara a kawo su inda za a lura ko sun ci abinci."

Cikin waɗanda ta riƙe akwai Kieran Ogden, ɗan wani direban babbar mota daga bakin teku. Shekara uku ya yi a ɗakin baya, yana ɓoye koren wake a ƙarƙashin wuƙa yana zaton ba ta gani. Daga nan wata ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi a babbar gasa ta saye shi. Yanzu shekarunsa ashirin da ɗaya. Yawanci daga benci yake shigowa, ya kuma buga wa matasan ƙasa. Har yau yakan zo mata cin abincin Lahadi.

A bazarar da ta wuce aka fara cewa babbar ƙungiyar birni na son sa. Gari ya rabu biyu. A mashayar da ke kan kwana wasu suka ce yaro ne mai huhu biyu-biyu wanda ba ya gajiya, a saya tun kafin ya yi tsada. Wasu suka ce ba ƙafarsa ake so ba, takardar haihuwarsa ake so, domin doka ta ce dole kowace ƙungiya ta ajiye wasu 'yan wasan da suka tashi a ƙasar nan, ko da ɗumama benci za su yi. Glenys ta san cewa manyan ƙungiyoyi ba sa sayen yaro sai sun bi bayansa sun tambayi hali: malaminsa, kocinsa na farko, da matar da ta dafa masa abinci. Sai ta zauna tana jira.

Cundall ne ya zo da kansa. Ya yi furfura, ya zama shugaban masu nemo 'yan wasa. A ƙungiyar wasu sun fi son a sayo wani daga waje, shi ne ya kafe kan Kieran. Ya zauna a kujerar da ya zauna shekara ashirin da biyar da suka wuce. Ya ɗaga kai ya ga hoton Darren a saman murhu, sanye da rigar ƙungiyar, sai ya yi murmushi.

"A'a, ashe gidan magoya bayanmu na shigo! Ɗanki ne?"

"Ɗana ne."

"Rigar ta karɓe shi kuwa. Ya taɓa yin ƙwallo?"

"Ya ɗan taɓa," ta ce. "Sukari nawa, Mista Cundall?"

Ta shiga kicin. Can ta tsaya riƙe da butar shayi har ruwan ya huce, ta sake ɗora wani. Da ta fito ta ba shi labarin Kieran tsaf: ba ya sha, ba ya makara, yana gyara gadonsa, in an yi masa faɗa ba ya kumbura. Cundall yana ta gyaɗa kai.

"Ki kwantar da hankalinki, Misis Holroyd. Wurinmu ba ƙungiya ba ce, gida ne."

"Haka nake ji ana faɗa," ta ce.

Duk abin da ta gaya masa gaskiya ne, kuma da gangan ta yi. So take Cundall ya shiga da ƙafa biyu. Ta bari har ya shawo kan shugabanninsa, aka janye daga cinikin ɗan wajen, jaridu suka ce ƙungiyoyin biyu sun daidaita, saura gwajin lafiya da sa hannu. Kasuwar 'yan wasa na dab da rufewa. A nan ne ta kira Kieran cin abincin Lahadi, ta kuma kira Darren.

Bayan an kwashe kwanuka ta je ta jawo ledar, ta dire ta a kan tebur.

"Mama, don Allah," in ji Darren. "Mayar da abin nan."

"Kai ka ajiye, ni na share ƙurarta shekara da shekaru. Kieran, kwance."

Ya kwance. Takalman ƙwallo ne da busasshen taɓo, da abin kare ƙwauri guda biyu, da riga mai lamba arba'in da ɗaya. Rigar tas take, ko ɗigon ciyawa babu.

"Ba a taɓa wanke ta ba," ta ce, "don ba ta taɓa yin datti ba."

Kieran ya yi dariyar yaƙe. "Haba Anti Glen, wannan ai zamanin da ne. Yanzu abubuwa sun canza."

"Cundall ya ce maka wurinsu gida ne?"

Yaron ya mayar da idonsa kan rigar.

"Ya ce za su mai da kai cikakken namiji? Ko wannan ya tsufa ya manta?"

Darren ne ya katse ta. "Ka ga, ƙanena, kar ka ɗauki maganar tsohuwar nan duka. Ita yaƙinta take yi. Abin da za su ba ka zai riƙe gidanku har jikoki, ni kaina da za a mayar da ni baya wataƙila in sake tafiya. Abu ɗaya kawai za ka tambaye shi: wa za a cire a saka ka? Ya faɗi suna."

Washegari Kieran ya tambaya. Cundall ya yi maganar haƙuri, da doguwar kaka, da gasanni masu yawa. Suna dai bai fito ba. Ana jibi rufe kasuwa yaron ya ce ya fasa. Babbar ƙungiya ta tashi babu tsuntsu babu tarko. Da sanyi ya shigo 'yan tsakiyarta biyu suka ji rauni, babu mai maye gurbi, sunan Cundall ya shiga bakin masu kira a rediyo. A watan jiya aka sanar da garambawul a sashensa, kuma yana cikin waɗanda za su tafi. Ba wannan kaɗai ya jawo ba. Amma yana ciki.

Kieran bai tsira kyauta ba. Har yanzu rabin wasanni a benci yake kallonsu, kuma babu tabbacin wata babbar ƙungiya za ta sake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Dillalinsa ya yi wata guda ba ya ɗaga wayarsa. Ubansa ya kira Glenys daga kan hanya ya ce mata tsohuwar banza mai baƙin ciki, ta saurare shi har ya gama. Shi yaron ya ci gaba da zuwa ranar Lahadi, sai dai ba a maganar.

Da na je gidanta don rubuta labarin nan, na tambaye ta ko don Kieran ta yi.

"Rabi don shi," ta ce. "Amma rabin da ya fi girma nawa ne. Kar ka rubuta cewa ni mutuniyar kirki ce. Mutumin nan ya kalli fuskar ɗana a saman murhuna ya tambaye ni ko ya taɓa ƙwallo."

Ranar Alhamis da ta wuce, wadda ita ce ranar Cundall ta ƙarshe a ofis, Glenys ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta hau bas zuwa tasha, ta shiga jirgin birni. A ƙofar filin atisaye mai gadi ya tare ta.

"Ina zuwa, Mama? Ba a shiga sai da izini."

"Ba shiga zan yi ba, ɗana. Saƙo ne na Mista Cundall."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa sabon ƙunshin baƙaƙen ledojin shara, ko takardar kanti ba a cire ba.

"In ce daga wa?"

"Daga uwar Darren Holroyd. Zai ce bai san shi ba, kar ka damu. Ka dai gaya masa masu kauri na zaɓo. Ba sa yagewa a jirgi."