Littafin da Furera Ke Ƙunshe Ƙosai da Shi

Malam Kassimu mai gyaran keke ne a wani ƙauye gabas da Shanono. Yana yaro ya yi aikin shara a asibitin mishan, a can ya tsinci Turancinsa. Matarsa ta rasu da wuri, 'ya'yansa maza suka tafi cin rani ba su komo ba. Gidan ya rage daga shi sai rumbu.

A shekarar da fari ya soma, wata safiya ya sayi ƙosai wajen Furera, bazawarar da ke suya a gindin tsamiya. Ta ƙunshe masa a takardar da ta yago daga wani littafi da ɗanta ya bari bayan ya gama makarantar horon malamai. Yana ci idonsa ya faɗa kan rubutun. Wai rana da wata da taurari duka, da can a dunƙule suke, ba su kai ƙwayar gero ba, sannan suka buɗe suka watsu. Ya ce, "Ikon Allah!" Ya goge man da hannun riga, ya sake karantawa.

To, in farkon ke nan, ina za a ƙare? Tambayar ta hana shi sakat. Kullum shi ne na farko a bakin kasko. Sai dai shafi ɗaya ke zuwa hannunsa, sauran su bi 'yan gari.

"Malam, ƙosan kake so ko takardar? Na ga kana lashe ta da ido."

"Ke dai yago mini daga can ƙarshe, Furera."

"In ɗinkin ya warware, kai za ka zo ka tsince mini? Daga farko ake yagowa."

Ya san in ya roƙi littafin ɗungum za ta ba shi. Amma in ya karɓa, me zai kai shi gindin tsamiya da safe? Duk garin ita kaɗai ke tsokanarsa.

Damina ta biyu ma ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye, wake ya gagari talaka a kasuwar Dawanau, gidaje suka riƙa rufewa. Shafin da ya samu a lokacin ya ce har yanzu taurari nesanta suke yi da juna, kuma masana sun kasu biyu. Wasu sun ce haka za su yi ta tafiya har su mutu ɗaya bayan ɗaya, sai sanyi da duhu. Wasu kuwa... Nan takardar ta ƙare.

Washegari bai ga hayaƙi a gindin tsamiya ba. Ya tarar da Furera a bayan motar Kano, bisa buhunanta, za ta wajen ɗanta.

"Furera, littafin nan fa?"

"Ayya, Malam! Da ka faɗa jiya. Na ƙunshe daddawa da kuka da shi, suna can ƙasan kaya."

Direba ya tayar da mota. Ya bi su da "Allah ya kiyaye hanya," bai san ko ta ji ba.

Ya daɗe a duniya bayan haka, yana faci a inuwar zaurensa. Malaman firamare sukan kawo masa kekunansu, su zauna jira. Bai taɓa tambayar ko ɗayansu abin da sauran masanan suka ce ba.