Yaya Haladu da Rijiyar da Ta Koma Zartsi

A wannan watan Yaya Haladu ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ɗan wan mahaifina ne, manomin rani daga Haɗeja, wanda ya zo Qatar da takardar aikin gadi amma ya ƙare rayuwarsa da fartanya a hannu. Ni kuwa karatu ne ya kawo ni Doha, ina nazarin ƙasa da ruwa, shi ya sa yake kirana Malamin Ƙasa, rabi girmamawa rabi zolaya.

Garin da ya zauna ƙarami ne, arewa da Doha, in an wuce Umm Salal aka karkata wajen gabas har a ji warin teku. Masallaci biyu ne a lokacin, da kantin wani Ba'indiye, da mashigin da masunta ke ɗaure jiragensu na katako. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tsakuwa da farin dutse, sai can bayan gari akwai wani kwari inda ɗan ruwan saman da ake samu lokacin sanyi yake taruwa ya bar laka. A nan gonakin suke. Rabin garin na ci daga teku, rabi daga wannan kwarin. Da asuba motar kifi da motar tumatir kan bi juna zuwa kasuwa a Doha.

Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, dattijo ne da ya gaji wata gonar dabino a kwarin daga ubansa. Wata rana ya tarar da mai gadinsa yana gyara wa ma'aikata kwamin ban ruwa, ya tsaya ya kalla, kashegari ya miƙa masa makullin injin rijiya. Cikin shekara biyu Haladu ya mayar da gefen dabinon lambu irin na gida: tumatir, gurji, kabewa, albasa. Duk Juma'a nakan hau mota daga unguwarmu ta Ain Khaled a Doha in je mu ci tuwo a inuwar dabino, ya yi ta ba ni labarin fadamar da zai saya in ya koma.

A wata irin Juma'ar ce ya ɗebo ruwan rijiya a moɗa ya miƙo mini. "Malamin Ƙasa, ɗanɗana ka ji. Ruwa ba ya tsami banza." Na kurɓa, na ji ɗan gishiri-gishiri a bayan harshe. Ya nuna mini farin ɓawon da ya fara fitowa a bakin kwami, da ganyen tumatir da ke ƙonewa ta gefe. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya gane abin da muke karantawa a littafi: ruwan daɗi a irin wannan wurin kwance yake a kan na teku, in aka zuƙe shi da gaggawa, na ƙasan ya taso.

A lokacin dattijon ya riga ya kwanta ciwo, babban ɗansa ne ke kula da gonar daga gidansa a Al Gharrafa. Yana son a ninka ciyawar dabbobi saboda tana da kasuwa, ita kuwa ciyawa ba ta ƙoshi da ruwa. Haladu ya gaya masa da ɗan Larabcinsa cewa a rage kunna inji, a bar rijiyar ta huta. Ɗan dattijon ya yi dariya ya ce khalas, wato magana ta ƙare, a ƙara wa rijiyar zurfi kawai. Ba mugun mutum ba ne, yana dai ganin maganar lebura ce. Sai Haladu ya roƙe ni in auna ruwan a makaranta, in rubuta takarda da Turanci, mu kai masa tare, tunda maganar mai digiri ta fi shiga kunne.

Na auna. Abin da harshensa ya faɗa shi na'ura ta faɗa. Amma ban rubuta takardar ba. Na ce masa sai na gama babin da nake kai a kundin bincikena, daga baya na ce sai bayan jarrabawa. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake ji. Ɗalibi ne ni a ƙasar mutane, ban so sunana ya fito a takardar da za ta ɓata wa ɗan ƙasa rai. Haladu ya tuna mini sau uku. A na ukun ya ce, "Ba komai, ƙanena, yi karatunka." Bai sake ɗaga maganar ba.

An ƙara wa rijiyar zurfi, kafin shekara ta zagayo ta koma zartsi sosai. Lambun ya mutu, dabino ya fara sunkuyar da kai. Aka koma sayen ruwan tanka, wanda ba ya isa. Haladu ya ƙi barin ƙananan dabinon da ya dasa da hannunsa, yana bin su da bokiti ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar bazara, lokacin da iskar teku ke zuwa da zafi da gumi kamar an buɗe tukunya. An ce ya huta, bai huta ba. Wata rana bayan la'asar abokan aikinsa suka same shi kwance tsakanin layukan, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. A nan muka binne shi, mu 'yan kaɗan, masu gadi da direbobi da ɗalibai. Ni na kira matarsa a waya.

Na san ajali ba ya jiran takarda, kuma mai yiwuwa da na rubuta ma a aljihu za a cusa ta. Malamai sun gaya mini haka, na kuma yarda. Amma yarda daban, kwanciyar rai daban.

Makon jiya na koma garin. Da Haladu zai tashi, da ƙyar zai gane hanya. Titi ya yi faɗi, gidajen hutu sun jeru a gaɓar da masunta ke shanya koma, jiragen da suka rage 'yan kaɗan ne. A kwarin, gonaki da dama sun zama fili. Waɗanda suka rayu sun koma rumfunan leda masu na'urar sanyaya iska, ana shuka tumatir ba a cikin ƙasa ba, da ruwan da inji ya tace. Amfanin ya fi na da yawa, ban musa ba. Ina jin da zai zagaya ya yaba, don ba ya hassada da abin kirki, sannan ya tambayi abin da zai faru ranar da injin ya tsaya. Zai kuma yi zancen gida, inda kowa ke haƙa burtsatse a gonarsa ba mai tambayar na maƙwabci. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ya rage nasa? Bai sayi fadamar ba. Kabarinsa na nesa da 'ya'yansa, ƙaramarsu ba ta tuna fuskarsa. A ɗaya daga cikin rumfunan na haɗu da wani Basudane mai furfura, shugaban ma'aikata, wanda ya yi shekara huɗu ƙarƙashin Haladu. Da ya ji sunan sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗaga tafuka ya yi masa addu'a. Ya ce duk abin da ya sani na shuka a wajen Haladu ya koya, kuma har yau shi yake koya wa sababbin zuwa. Sannan ya tambaye ni ko ni ne ƙanen nan mai karatu da Haladu ke yawan alfahari da shi. Na ce ni ne, amma na kasa kallon idonsa.

Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya sanyaya makwancinsa, ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi.