Ƙofar da Ta Kalli Gabas

Wata Asabar cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wata farar mota ta tsaya bakin hanyar unguwarmu Saga ta zube ɗaliban zanen gine-gine, maza da mata, kowa da malafa da igiyar awo. Ina dawowa daga gulbi da tulu a ka, na dire shi na bi su a guje, don labari ya riga su isowa: muna cikin waɗanda za a gina wa ɗaki kyauta. Daminar da ta wuce ambaliya ta narkar da namu, muka koma bukkar zana, ni da Baba da Inna da ƙannena biyu.

Baba magini ne, mutumin Tawa, da laka yake ciyar da mu. Rabin ɗakunan unguwarmu shi ya ɗora su, kuma a sana'arsu suna shi ne jari, don ba wanda zai ba ka gininsa sai ya ga naka. Ɗaliban nan kuwa ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi aiki. Sun kwaɓa ƙasa har hannuwansu suka yi kanta, sun ci dambun Inna da zogale suna santi. Mu yara da safe mu kori tsuntsaye a fadamar shinkafa, da hantsi mu yi ta jido musu ruwa, da yamma mu yi 'yar ɓuya tsakanin layukan tubalin da aka shanya. Ban taɓa jin daɗin rani kamar wannan ba.

Ranar da aka ja igiyar tushe, Baba ya duba, ya gyara murya ya ce, "'Ya'yana, ruwan garin nan daga gabas yake bugowa. Ku juya ƙofar." Shugabarsu, wata doguwa mai tabarau, ta rusuna da ladabi ta ce, "Baba, malaminmu ya riga ya sa hannu a zanen. Iskar safe ce za ta riƙa shigo muku." Inna ta ja shi gefe tana raɗa, "Malam, kyauta ce fa, kada ka sa su fasa." Ya haɗiye maganarsa. Da yake babu mai miƙar da bango kamarsa, shi ya ɗora bakin ƙofar da hannunsa, duk unguwa tana kallo. Aka gama, aka tsayar da mu aka ɗauki hoto, motar ta tafi.

Hadarin farko da la'asar ya taso. Iska ta kwaso ruwan ta watsa shi cikin ɗakin ta ƙarƙashin ƙyaure da gefensa kamar ana sheƙawa da bokiti. Buhun shinkafar da za mu ci ya jiƙe, tabarmi suka yi iyo, littattafaina suka koma kunu. Maƙwabta suka zo jaje, sai wani dattijo ya tsaya yana girgiza kai ya ce, "Magini guda, ƙofa gabas?" Babu wanda ya tuna da zane ko malamin da ya sa hannu, hannun Baba kawai suka gani. Cikin kwana biyu ya toshe ƙofar ya huda wata a yamma, amma magana zarar bunu ce. Masu zuwa kiransa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har masu neman gyaran katanga. Kafin kaka, mutumin da ya rufa wa unguwa asiri ya koma ɗan ƙodago a gonar shinkafar wani. Na ji haushinsa don ya yi shiru, na ji haushin Inna, daga baya na tattara haushin duka na ɗora wa masu kirkin nan, kuma har yau bai sauka ba.

Yanzu ina aure a Kirkissoye. In na haye gada na je Saga nakan ga ɗakin yana tsaye daram, ko tsaga babu, don gini dai sun gina. Ana ce mini ɗaliban yanzu sai sun zauna da masu gida sun saurare su kafin su ja layi ɗaya. Allah ya sa haka ne. Baba dai bai sake ɗora tubali a kan tubali don wani ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da sun ba shi rabin yini a kan tabarma, da ya mutu yana magini.