Gilashin da Ya Ga Rana

A layin 'yan gwanjo akwai wani dattijo mai kwat ɗin da ta yi masa yawa, farcensa duk ya rine da ruwan wankin hoto. Ba ruwansa da agogo ko rediyo. Tsofaffin kyamarorin Jamus masu naɗewa yake bi, irin masu ɗaukar hoto a kan gilashi. Wataƙila ɗakinsa cike yake da su, ba mai leƙa shi.

Yau ya dace da ɗaya. Yana buɗe ta a hankali, fatarta na miƙewa kamar zugazugin maƙera. Kafin ya ankara, mai kayan ya zare murfin gidan gilashin, ya ɗaga shi a rana.

"Duba, Baba, har gilashin yana ciki, ko tsaga babu!"

Dattijon ya runtse ido. Gilashin da ba a wanke ba, da zarar haske ya taɓa shi, hoton ya tafi ke nan.

"Ɗana," in ji shi, "wani ya ci kwalliya ya tsaya gaban wannan, shekara ɗari yana jira a cikin duhu. Yau ka ƙarasa binne shi."