Belin da Baba ya je yi Legas

Wayar da aka yi mana daga Legas gajera ce: kotu ta kama jirgin ruwan da yayana yake wa girki. Shekararsa shida ke nan rabonsa da gida. Mu a Faskari ruwan da muka sani na rafi ne, amma kamu mun san shi sarai. In an kama naka, dattijo kake nema da takardar gona, ka je beli.

Haka Baba ya yi. Ya naɗe takardar gonarmu a leda, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi tunda ni ce na yi boko. A mota yana ta lissafin inda zai yanka wa Yaya fili in sun dawo.

Magatakardan kotun, wanda ke karɓar takardu yana sa ranar zama, ya saurare mu da haƙuri. Ya ce jirgin ya yi karo da wani, kuma a irin wannan shari'a jirgin kansa ake kai ƙara. Na fassara wa Baba.

"Jirgi?" in ji Baba. "To shi mi zai ce ma alƙali?"

Na yi dariya, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Magatakardan ya haɗa mu da jami'in da ke tsare jiragen da kotu ta kama. Shi ne ke manna takardar kamu a jikin jirgi, shi ke kula da ruwan sha da abincin ma'aikatan ciki har a gama shari'a. Baba ya miƙa masa ledar da hannu biyu. Mutumin ya ƙi karɓa. Ya ce ba wanda ya tsare Yaya, ma'aikata da yawa sun sauka tun makon farko, shi ma an tambaye shi ya ce zai zauna.

Wannan kam ban so fassarawa ba. Na tsaya kame-kame, Baba ya ce, "Hwaɗi mani yadda ya ce, ɗiyata." Na faɗa.

Washegari aka kawo Yaya bakin tasha a ƙaramin kwalekwale. Ya yi ƙiba abinsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi Inna da damina. Da Baba ya ce ya ɗauko kayansa mu tafi, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ya saba da nan, noma ba zai iya ba.

Ni na yi ta masa masifa a gaban mutane, ban rage komai ba. Baba kuwa ya sa masa albarka kawai.

A hanyar komawa, sai da muka wuce Funtua Baba ya yi magana. Ya ce in mun isa gida, in gaya wa Inna kotu ce ta hana beli. Abin da ta sani ke nan har ta rasu, kullum tana yi wa alƙalin Allah ya isa.