Na Je Illela Neman Bindiga Mai Araha

A unguwarmu an san ni da abu biyu, surutu da rashin tsoro. Na farkon kowa shaida ne, na biyun kuwa ni kaɗai nake ba da shaidarsa. Na sha faɗa a majalisa cewa duk ɓarawon da ya yi gangancin tsallako katangata, sai danginsa sun zo da kwando sun tsince shi. Ana nan sai makonni uku da suka wuce aka shiga gidan maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu, a sabuwar unguwarmu da ke bakin garin Sakkwato. Aka ɗaure shi, aka tafi da babur da wayoyi, aka fasa wa babban ɗansa kai. Tun daga ranar barci ya yi ƙaura daga gidana. Maiɗakina ta rame, yara ko kyanwa ta taka kwanon rufi sai su ƙanƙame juna. Ni kuma, jarumin, na riƙa zagaya tsakar gida da taɓarya ina cewa motsa jiki nake yi. Gemun maƙwabci ya kama wuta, dole in nemi ruwa. Na yi rantsuwa a gaban iyalina cewa bindiga zan kawo gidan nan, kuma mai araha, domin aljihun nawa ba shi da ƙarfin bakina.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanen matata, wanda yake fataucin albasa kuma ya san Illela kamar tafin hannunsa. Shi ya ce akwai wani tsohon maharbi a Kalmalo, kusa da Illela, da ya san bindiga tun kafin a haife ni, mu je ya ba ni shawarar irin wadda ta dace da ni. A tasha aka cusa mu cikin wata mota da na tabbata ta girmi direbanta. Mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani bawan Allah, kwandon tattabarunsa a cinyata. Kuɗin mota kuwa ya yi tsalle har na tambayi kwandasta ko Makka za a kai mu.

Ban iya zama wuri ɗaya ba. Kowane shingen jami'an tsaro muka iso sai in sunkuyar da kai, kamar an rubuta min “mai neman bindiga” a goshi, alhali babu komai a aljihuna sai goro da carbi. Wani jami'i ya leƙo ya ce mana sannu da hanya, na amsa masa da “ba ni da komai” tun bai tambaya ba. Ƙanen matata ya yi ta dariya har muka wuce Kware. A Gwadabawa muka tsaya aka sha kunu da ƙosai mai zafi. Na ci uku na kasa ƙarawa, ni da nake tashi da kwano guda. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri ramuka kamar an yi haƙar gyaɗa, ga manyan motoci maƙare da buhunan albasa da shanu suna wuce mu suna girgiza motar tamu.

Da hantsi muka shiga Illela, kuma ranar kasuwa ce. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka duk baburan duniya can ake haihuwarsu. Suna fitowa ta gabanka, ta bayanka, ta ƙarƙashin hammatarka, kowanne ɗauke da kayan da jaki zai ƙi. Ga raƙuma, ga buzaye da rawunansu, ga mutanen Ƙonni ta tsallaken iyaka da dogon burodinsu mai kama da sandar makiyayi. Na sayi ɗaya, na ce in bindiga ta gagara wannan ma zai yi maganin ɓarawo. 'Yan canji na zaune a jere da damman naira da sefa, suna magana da mutum uku a lokaci guda.

Wurin ɗaya daga cikinsu muka zauna, abokin ƙanen matata ne, dattijo mai furfura a gemu. Bayan gaisuwa na matsa kusa da kunnensa na raɗa masa buƙatata, ina waige-waige. Shi kuwa ya amsa da muryar da ta isa bakin iyaka.

“Bindiga? Alhaji, nan sefa ake canji, ba a canjin rai!”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da ya gama dariya sannan ya yi min magana ta hankali. Ya ce duk wanda ya ja ni bayan rumfa ya ce zai sayar min da abu ba takarda, to gidan yari yake sayar min da kuɗina, in ma ba tarko ba ne. Ta halal sai da lasisin hukuma, da bincike, da jira. Mai baki biyu irin ta manyan mafarauta kuɗinta ya kai na bijimin sa, mai baki ɗaya ma ba ta talaka ba ce. Abin da ya rage daidai aljihuna shi ne ta maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi, ake kira harba-ka-ruga domin in ka harba sau ɗaya sai ka nemi ƙafarka. Ita ma, in ji shi, sai da izini.

Muka hau babura zuwa Kalmalo. Tafiyar ba nisa, amma ɗan acaɓan da ya ɗauke ni kamar ana binsa bashin numfashi. Muna isa iska ta sauya, ga warin danshi da na albasa, gonaki kore shar a gefen tafki, mata na shanya ƙananan kifi a kan tabarmi. Da hankalina a kwance yake da na ce wurin ya yi kyau. Amma ni rabin zuciyata na gida, ina ta duba waya ko an kira.

Maharbin tsoho ne siriri, idonsa kamar na shaho. Da ya miƙo hannu muka gaisa na lura yatsu biyu babu a hannun hagunsa. Ya ga ina kallo, ya ce wata mai araha ce ta fashe masa yana saurayi, araha ba ta ado. Ya saurari labarina har ƙarshe, har da ƙarin da na yi cewa ɓarayin sun kai arba'in. Ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar bindiga, ya nuna min babu komai a cikinta, ya ɗora min a hannu. Nauyinta ya kusa kai ni ƙasa.

Ashe yana da al'ada. Ba ya ba kowa shawarar bindiga sai ya zaunar da shi gadi tukuna. Ya kai ni wani ɗaki da yake ajiye albasa, mai duhu ko da rana, da asabari a ƙofa. Ya ce in zauna in ɗauka gidana ne. Ƙanen matata shi ne ɓarawo, zai shigo lokacin da ya ga dama. In na gan shi in ja kunamar bindigar, za ta yi ƙas, shi ke nan na ci.

Na ce wannan ai wasan yara ne. Aka saki asabari aka bar ni.

Jama'a, ban san minti yana da tsawo ba sai a ɗakin nan. Zufa ta jiƙa min riga, albasa ta sa idona hawaye, bakin bindigar kuma na ta zana da'ira a iska. Kaza ta yi motsi a waje, na saita. Iska ta kaɗa asabari, na saita. Na yi ta karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Can sai na ji takun ƙafa a hankali, asabarin ya ɗaga, inuwar mutum ta cika ƙofa. Ban tsaya wata-wata ba, na rufe ido na ja. Ƙas!

Da na buɗe ido, matar maharbin ce tsaye, tsohuwa tukuf, da ƙwaryar fura a hannu, ta kawo wa baƙo. Ta dube ni, ta dubi bindigar, ta ajiye furar a gabana ta fita abinta. Da alama ba ni ne na fara harbe ta ba. Ina cikin wannan kunya sai na ji an zare min hula ta baya. Ƙanen matata ne, ya shigo ta wata 'yar taga da ban ma san da ita ba, ya ce, “Yaya, in haɗa da takalman?”

Maharbin ya shigo ya karɓi bindigarsa ya zauna a kan buhu.

“To, ka kashe min mata, ɓarawo kuma ya tahi da hula,” in ji shi. “Hwaɗa min, gidanka wa ka yawo ba sallama?”

Na buɗe baki in yi raha, sai na tuna. Mahaifiyata tana wurina. Kunnenta ya yi nauyi, kuma kullum kafin kiran sallar farko takan fito ta zagaya ta duba kajinta, ta bi ta bayan tagata zuwa wurin alwala. In ka ce “wane ne nan?” sau goma ba za ta ji ba, balle ta amsa. Na gaya masa haka. Ya gyaɗa kai kawai, ya tura min ƙwaryar furar. Na sha, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Bai ce kada in saya ba. Ya ce bindiga ta wanda ya koya ce, mai takarda, mai wurin kulle ta inda yara ba za su kai ba, kuma mai zuciyar da za ta iya tsayawa ta duba fuska kafin yatsa ya motsa. Ya ce su a ƙauye abin da ya fi tsare su shi ne ƙofa mai ƙarfi, da maƙwabtan da in ɗaya ya yi kururuwa duk za su fito. Muka yi sallar azahar tare, na yi masa alheri, na ba tsohuwar haƙuri. Ta ce ba komai, wani malamin makaranta sau biyu ya harbe ta.

A Illela na tsaya wurin maƙera na sayi sakata biyu masu kaurin damtse, da fitila mai aiki da hasken rana, da usur guda shida don in raba wa maƙwabta. Ƙanen matata ya ɗora min rabin buhun albasa. A mota ban yi magana ba har Gwadabawa, abin da ya sa direba ya tambaya ko ba ni da lafiya. Abin da tafiyar nan ta koya min, na tafi ina tambayar wace bindiga ce ta fi araha, ban taɓa tambayar hannun wa za ta shiga ba. Tsoron ɓarayi bai bar ni ba, har yanzu ina zabura in ƙofa ta yi ƙara. Amma daga baya mun zauna da mutanen layinmu, mun tsara sintiri, mun kai wa hukuma kukanmu a tare.

A ranar, ana kiran magariba na shiga gida. A tsakar gida na tarar da akwatuna uku a ɗaure, yara sanye da takalma, har mahaifiyata na zaune da mayafinta da kajinta a kwando. Maiɗakina ta dubi hannuna, ta dubi buhun albasa, ta ce, “Malam, ina bindigar?”

Na gyara murya na ce ban sayo ba, saboda wasu dalilai na tsaro.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta juya ta ce wa yara su mai da kaya ɗaki. Na ce ashe tsoron ɓarayi har ya kai ku ga yin ƙaura?

“Wane ɓarayi?” in ji ta. “Ɓarawo ai kaya yake ɗauka ya bar mu da ranmu. Mun ɗaure ne don in ka dawo da ita mu bar maka gidan.”